Safiyar da Ya Tambaye Ni Ina Matarsa

Litinin, ƙarfe bakwai na safe

Kwananmu uku a ƙasar nan. Littafin nan a filin jirgi na saya don in riƙa rubuta sunayen magunguna. Har yau ko ƙwaya ɗaya ba a ba mu ba, to bari in rubuta abin da ke raina, tunda ba ni da wanda zan faɗa wa.

Ɗakinmu yana hawa na huɗu a masaukin da ke jikin asibiti. Gado biyu ne ƙanana, mun haɗe su. Taga ɗaya ce, tana kallon bayan asibitin, inda motar masu wanki ke zuwa kwasar zannuwan gado. Maigidana, Injiniya, har ya gama ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa, ya yanke hukunci: "Hedimasta, wannan ba bulo ba ne, kwali ne aka shafa wa fenti." Shekara talatin da takwas ina zaune da mutumin da ba ya iya kwana a ɗaki sai ya binciki wanda ya gina shi. Shekarata shida da barin makaranta, shi kuma bai fasa kira na Hedimasta ba.

Yara mun ce musu ido za a duba masa. Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, har da idon.

Litinin, bayan la'asar

Babbar 'yarmu ta kira. Na ce lafiya lau.

Talata, ƙarfe ɗaya na rana

Asibiti ya haɗa mu da tafinta. 'Yar ƙasarmu ce, za ta yi shekara arba'in, karatu ya kawo ta nan, aure ya riƙe ta. Mama take ce min. Da ba don ita ba, ko lif ban san wanda zan hau ba.

Likitan dogo ne, mai furfura a gira, ba ya saurin magana. Ya haska idon Injiniya, ya sa shi tafiya a kan layi, sannan ya miƙa masa takarda da biro ya ce ya zana agogo. Mutumin da ya shekara ashirin da biyar yana koya wa ɗalibai zanen gini. Da'irar ta fito tsaf, kamar da ma'auni ya yi ta. Sai lambobin suka taru a gefe guda, daga ɗaya har sha biyu, duk a hannun dama, ɗayan gefen wayam. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya yi dariya ya ce biron ne ba shi da kyau.

Likita ya juyo gare ni, ya ce ko akwai abin da na lura da shi a gida. Na ce 'yar mantuwa ce irin ta girma. Maganar ranar Juma'ar nan da maƙwabcinmu ya dawo da shi a mota, bayan ya tsince shi yana ƙoƙarin buɗe ƙofar gidan da muka tashi daga cikinsa shekara ashirin da suka wuce, ban faɗa ba. Yana zaune kusa da ni, da hularsa a gwiwa. Ta yaya zan faɗa?

Laraba, bayan azahar

Yau aka yi hoton kai. Sun tura shi cikin na'ura kamar ana tura burodi a tanda, ni ina waje ina jin ƙarar ta cikin bango. Sakamako sai Litinin.

Da muka fito ya ce ba zai koma ɗakin kwalin nan yanzu ba, mu ɗan zaga a tasi. Muna hawa wata gada ya damƙe min hannu har sai da na ce wash. Can nesa, sama da rufin gidaje, ƙubbar tsohon ginin nan ce da duniya ke tururuwar zuwa gani. Hotonsa yana cikin littafin da ya riƙa koyarwa da shi, har shafin ya yi baƙi don yawan taɓawa.

"Hedimasta, ga shi can. Ashe a gari ɗaya muke kwana da shi."

Na ce a bari mu ji sakamako tukuna.

Ya ce, "In muka ji sakamako ba za ki bar ni in je ba. Na san ki."

Gaskiya ya faɗa.

Alhamis, ƙarfe tara na safe

Ya tambaye ni sau huɗu ko yau wace rana ce. Sau huɗu na amsa kamar karon farko.

Juma'a, ƙarfe biyar na yamma

Na yarda, gobe za mu. Tafinta ta ce mu isa ana buɗe ƙofa, ƙarfe shida, kafin motocin masu yawon buɗe ido su zube mutane. Ita ba za ta samu zuwa ba. Ta rubuta sunan masaukinmu da lambarta a kati da yaren garin, na sa masa a aljihun gaba. Ya ga lokacin da na sa. Ya ci gaba da goge takalminsa.

Babbarmu ta kira. Lafiya lau.

Asabar, ƙarfe biyu na rana

Mun dawo. Yana barci. Sauran sai gobe.

Lahadi, ƙarfe goma na safe

Bari in rubuta shi daga farko, ko zai bar min ƙirji.

Muna idar da sallar asuba muka fito. Sanyi sosai. Titi ba kowa sai motar da ke wanke kwalta da wani mai gidan burodi yana ɗaga ƙofar shagonsa. A bakin ginin mun tarar da mutum kamar ashirin a layi, kowa ya takure cikin rigarsa. Masu gadi suka duba jakata, suka yage tikitinmu. Ana shiga ta wani dogon zaure mai duhu, mai warin dutse jiƙaƙƙe. Yana ƙarewa sai ga fili, sai ga ginin gaba ɗaya a gabanmu.

Ni ba ma'abociyar gini ba ce, amma sai da na tsaya. Rana ba ta fito ba, ƙubbar toka-toka take, tantabaru sun jeru a gefenta. Muna tsaye haske ya fara sauka daga samanta a hankali. Injiniya ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Ya ce, "Ashe gaske ne."

Daga nan bakinsa ya buɗe. Watanni rabona da in ji shi haka. Ya kai ni ƙarƙashin wata ƙofa mai lanƙwasa, ya ce in ɗaga kai: babu siminti, babu rodi, dutse ne kawai aka sassaƙa kowanne ya jingina da na kusa da shi. Ya nuna min inda masassaƙa suka bar alamarsu, ya sa ɗan yatsa a ciki. Ya ce mu rungumi wani ginshiƙi, shi ta can ni ta nan, mu gani ko hannuwanmu za su haɗu. Na ce ni da girmana? Ya ce ba wanda ya san mu a nan. Muka runguma, ko rabi ba mu ci ba, yana ta dariya ta bayan dutsen. Shekarun ginin, yawan magina, nisan inda aka ɗauko dutsen, duk ya zuba min ba tare da ya yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. A raina na ce, ni ce na ɗaga hankalin kowa a banza. Gajiya ce kawai. Litinin za su ce mu koma gida.

Sai wasu 'yan mata biyu suka miƙo min waya, da hannu suka nuna in ɗauke su hoto. Ban san kan wayar ba, na danna ba daidai ba, suka nuna min, na sake, na kuma sakewa. Duka bai fi minti biyu ba. Na juyo ba ya nan.

Da farko ban tsorata ba, na zaga bayan ginshiƙin. Sannan na gaba, sannan na gabansa. Duk iri ɗaya ne, har na rasa wanda muka runguma. Na kira, "Injiniya!" Muryata ta bugi sama ta dawo min sau uku, mutane suka juyo suna kallona. Na nuna wa wani mai gadi hotonsa a wayata, ya ɗaga kafaɗa ya nuna min hagu. Wani kuma ya nuna dama. Ba ni da kalma ko ɗaya ta yarensu. Ni da na riƙe yara ɗari bakwai ban taɓa ɓatar da ɗaya ba.

Akwai matakala da ke hawa kan katanga. Na hau, ban san lokacin da na hau ba. A can sama shingen bai kai ƙuguna ba. Na bi shi ina leƙa ƙasa, ta ciki da ta waje. Abin da nake nema a ƙasan ba zan rubuta ba.

Kafin in sauko rana ta fito, motoci sun iso. Mutane kamar an ɓalle ruwa, kowane ayari da mai ɗaga musu 'yar tuta a gaba. Ina kutsawa, ana bangaje ni, duk mai furfura da na hango sai in bi shi. Agogona ya ce minti arba'in da biyar.

Wata tsohuwa mai shara ce ta ja min mayafi. Gajera, da tsintsiya mai dogon icce. Ta dubi fuskata, ta yafito ni. Na bi ta ta wata 'yar ƙofa zuwa wani ƙaramin tsakar gida da ba mai shiga. Yana zaune a gindin bango, riƙe da murfin fulas ɗinta, ta zuba masa shayi. Ko ƙwarzane babu a jikinsa.

Yana ganina ya miƙe tsaye, irin miƙewar da yake yi wa baƙi. Ya gyara hula.

"Baiwar Allah, sannu. Kamar 'yar wajenmu ce ke. Kina jin Hausa?"

Na yi dariya, wallahi na yi dariya, na zaci tsokana ce. Sai na dubi idonsa. Ladabi ne zalla a ciki, babu ni.

"Ina ji," na ce.

"Alhamdulillahi. Don Allah ko kin ga matata? Doguwa ce, siririya, tana da ciki wata bakwai. Na bar ta ta huta, na je duba aiki, na dawo ban gan ta ba. Ba ta son a bar ta ita kaɗai a baƙon wuri, amma ba za ta taɓa faɗa ba."

Cikin Babbarmu yake nufi. Yau shekararta talatin da shida.

Ban san daga ina maganar ta zo min ba. Na ce, "Na gan ta. Tana waje, ita ta aiko ni."

"Lafiyarta ƙalau?"

"Ƙalau."

Na miƙa hannu zan kama nasa. Ya janye, ya ɓoye shi a baya, da murmushin ban haƙuri. "A'a, ki yi gaba, ina biye."

Haka muka ratsa taron nan, ina gaba yana baya, ba halin in riƙe shi. Taku uku in waiga, taku uku in waiga. Kunnena yana kan ƙarar takalminsa a cikin takalma dubu. A zauren nan mai duhu na daina jin sa, na tsaya cak, sai na ji muryarsa a bayana: "Ina nan, baiwar Allah. Na wahalar da ke." A waje ya dudduba ya ce ina take. Na ce ta gaji, ta yi gaba masauki. Ya ce ai ya sani, laifinsa ne. A tasi ya buɗe min baya, shi ya shiga gaba.

Muna sauka daga gada ya juyo. "Hedimasta, kin ɗauki hoton ƙubbar kuwa? Me ya kai ki baya kamar fasinja?"

Na ce iska nake sha.

Tsohuwar nan ko godiya ban yi mata ba.

Lahadi, bayan magariba

Yini guda yana ba ni labarin ginin. Komai yana tune da shi, har zuwa 'yan matan nan masu waya. Daga nan sai tasi. Tsakani babu komai.

Na jingina kujera a bayan ƙofa, na ɗora mata kofuna biyu, yadda in an taɓa zan ji.

Litinin, ƙarfe uku na rana

Likita ya juyo mana da allon kwamfuta. Ko ni da ban san komai ba na gani. Wani abu ne ya tsiro a cikin kan, girman lemon tsami, yana danne abin da ke kusa da shi. Sunan da ya kira shi da shi tafinta ta fassara min. Ba zan rubuta ba.

Sannan ya dube ni, ni kaɗai. Ya ce zai sake tambayata, kuma amsar ce za ta nuna masa ko akwai sauran lokaci ko babu: ya taɓa ɓata? Ya taɓa kasa gane wani nasa?

Na dubi tafinta. Ta ce a hankali, "Mama, ki faɗa."

Na faɗa. Da Hausa, yana zaune yana ji, kafin ma a juya wa likita. Na faɗi ta ranar Juma'a, na faɗi ta shekaranjiya. Ban ɗaga kai ba sai da na gama.

Ya ce, "Ni? Ni na ce miki baiwar Allah?"

Na gyaɗa kai.

Muka koma ɗaki. Abincin rana yana nan a rufe.

Talata, ƙarfe takwas na safe

Da asuba ya tashi alwala ya yi karo da kujerar, kofunan suka zube. Ya kunna fitila ya tsaya a kansu.

"Kin mayar da ni yaro. Kati a aljihu, kujera a ƙofa. Da likita bai matsa miki ba, sai yaushe za ki gaya min?"

Na ce, "In ce maka me?"

"Gaskiya. Kaina ne ko naki?"

Na ce, "Naka ne. Amma ni ce na hau katanga ina leƙa ƙasa."

Ban taɓa ɗaga masa murya irin ta yau ba. Ya durƙusa ya tsince fasassun kofunan ɗaya bayan ɗaya, ya zuba a kwandon shara. Kujerar kuma ya mayar da ita bayan ƙofa da kansa.

Laraba, ƙarfe sha biyu

Tiyata suke so su yi, cikin mako guda. Likita bai ɓoye komai ba. In an yi, yana iya rasa magana, yana iya rasa hannun dama, yana iya yiwuwa ma ba zai farka ba. In ba a yi ba, safiya irin ta Asabar za ta riƙa dawowa, tana daɗewa, har ta zauna. Injiniya ya yi ta tambaya kamar ya je karɓar aiki: ta ina za a shiga, da me za a yanka, da me za a mayar. Da aka miƙo takardar sa hannu ya tura ta gefe, ya ce gida zai koma, in mutuwa ce ta same shi a ɗakinsa.

Ban roƙe shi ba. Ban san wanne zan roƙa ba.

Alhamis, bayan azahar

Ya ce in haɗa kaya. Na buɗe akwati na bar shi a buɗe.

Alhamis, ƙarfe biyar na yamma

Babbarmu ta kira. Na buɗe baki zan ce lafiya lau, sai kuka ya riga ni. Na shige banɗaki na kunna famfo.

Ta bari na gama, sannan ta ce, "Mama, mun san ba ido ba ne. Tun ranar da Baba ya kira ni da sunan ƙanwarsa da ta rasu, ya tambaye ni ko na dawo daga makaranta. Ni da ƙannena mun ce mu yi shiru kada hankalinki ya tashi."

Wata uku ke nan, suna ɓoye min ina ɓoye musu. Ta fara neman biza. An ce mata sai mako biyu.

Juma'a, ƙarfe bakwai na safe

Yana shan shayi ya tsaya da kofin a hannu, ya dube ni, ya daɗe. Sai ya ce, "Sukari ya yi yawa." Shi ke nan. Amma yanzu duk kallon da ya yi min sai na tsaya ina jira in ji da wane suna zai kira ni.

Asabar, ƙarfe huɗu na yamma

Muna zaune a bakin taga muna kallon masu wanki suna loda mota. Bai juyo ba ya ce, "Ki gaya min gaskiya. Da na hana ki hannuna, me kika ji?"

Na ce ba komai.

"Hedimasta."

Na ce, "Ji na yi kamar na mutu, an bar ni in raka ka gida."

Motar ta tashi. Sannan ya ce, "Kuma a gida ma haka zan riƙa yi miki. A gaban jikoki."

Sai ya juyo gare ni.

"Kira yarinyar nan tafinta. Ki ce a kawo takardar."

Litinin, ƙarfe goma na safe

Ya sa hannu. Sa hannun nan nasa mai doguwar jela, bai karkace ba. An ba shi gado a hawa na shida. Laraba da safe.

Talata, bayan la'asar

Sun aske masa kai. Ya shafa ya ce rabonsa da irin wannan askin tun yana firamare, kuma wanzamin wancan lokacin ya fi hannu. Nas ɗin ba ta ji ba amma ta yi dariya.

Ya yi magana da yaran ɗaya bayan ɗaya. Da ya ajiye wayar ya fara gaya min inda takardun gida suke. Na ce na sani. Ya ce in saurara duk da haka. Na saurara. Daga ƙarshe ya ce, "In na tashi ban san ki ba, kada ki tsaya kina min ƙarya kina raka ni. Ki ce min ke ce, ko sau ɗari ne. Na yafe miki komai, ke ma ki yafe min."

Na ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Daga nan na fita neman ruwan da ba na bukata.

Laraba, ƙarfe shida da rabi na safe

Sun tura shi. Tabaransa yana hannuna.

Laraba, ƙarfe tara

Kujerun ɗakin jira shuɗaye ne, guda goma sha huɗu. Akwai wani mutum da ke jiran matarsa, yana ta ninke takarda yana warwarewa.

Laraba, ƙarfe sha ɗaya

An kira mutumin. Ya tafi bai dawo ba. Ban san ko alheri ba ne.

Laraba, ƙarfe ɗaya

Sun ce awa biyar. Awa shida da rabi ke nan. Duk addu'ar da na sani na yi ta, na koma farko.

Laraba, ƙarfe uku

Likita ya fito da hular tiyata a hannu. Tafinta ta saurare shi, ta riƙe min kafaɗa: sun cire, kusan duka. Ya zubar da jini fiye da yadda suka so. Yana numfashi. Sauran sai ya farka.

Alhamis, ƙarfe biyar na yamma

Bai farka ba. Minti goma suke ba ni in shiga. Kai a naɗe, fuska a kumbure, tiyo a baki. Na ce masa ni ce. Na'ura ce kawai ke amsawa.

Juma'a, ƙarfe biyar na yamma

Sun cire tiyon. Ya buɗe ido ya rufe. Bai kalli kowa ba. Na ce masa ni ce.

Asabar, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na iso na tarar an ɗaga masa kan gado, ido a buɗe. Na tsaya a bakin ƙofa, na kasa ƙarasawa. Likita yana gefensa, tafinta tana juya tambayoyi. Ya faɗi sunansa, a hankali, harshen yana nauyi. Ranar bai sani ba. Aka ce ya matse hannun likita: hagu ya matse, dama da ƙyar yatsun suka motsa. Sai likita ya yafito ni. Na zo na tsaya a ƙarshen gadon na riƙe ƙarfen.

Tafinta ta ce, "Baba, likita ya ce wace ce wannan?"

Ya dube ni. Ya daɗe. Bakinsa ya motsa ba abin da ya fito.

Sai ya haɗe gira, ya juya ga tafinta kamar an yi masa rashin kunya.

"Wace... irin tambaya ce... wannan?" Ya huta. "Ki ce su ba ta kujera. In ta daɗe a tsaye... ƙafar hagun nan kumbura take. Tun haihuwar auta."

Nas ta jawo kujera. Na zauna. Tafinta tana share ido da bayan hannu ta ce tun da ta san ni ba ta taɓa ganin na bi umarnin wani da sauri haka ba.

Lahadi, ƙarfe bakwai na safe

Abin da suka cire an kai ɗakin gwaji, sai Alhamis za a san ko wane iri ne. Hannun dama har yanzu bai dawo daidai ba. Likita ya ce kada in yi saurin murna, kuma kada in yi saurin tsoro.

Babbarmu ta kira tun kafin in gama shayi, ta ce, "Mama, yaya?"

Na ce, "Ban sani ba tukuna. Ina jin tsoro. Amma jiya ya yi wa likita faɗa a kaina, bari in je in ji yau da wa zai yi."